Gaishe Ka Kakin Alfarma, Mai Tsadar Mota Sukutum

Gaishe ka kakin alfarma! Gaishe ka ɗan gwangwani mai kuɗin fili, wanda ba a kai masa tsumma sai tafin hannu, ba a jefa shi a but sai a ba shi wuri a firji kusa da ruwan maigida. Yau kai za mu yaba, domin an daɗe ana cin zarafinka. An bar masu ƙaramin ƙarfi suna ta yaɗa magana a gareji da wuraren wankin mota, wai folish ɗin da ake saye da canjin aljihu yana yin aikin da kake yi, har ma ya fi ka daɗewa a jikin fenti. To, ya fi ka daɗewa, mun ji. Amma wa ya gaya musu don daɗewa aka yi ka?

Wanda bai san darajar wannan bawan Allah ba, bari ya ji farashi tukuna, don a nan martabarsa take. Kamfanin Zymöl na Amurka yana da wani kaki mai suna Royale, wanda kuɗinsa ya haura dala 8,000. Ba a gwangwanin kwano yake zuwa ba, a mazubin ƙarau yake zuwa, kuma kamfanin ya yi alkawarin idan ya ƙare ka mayar da mazubin a sake cika maka iya tsawon ranka. Ga Swissvax na ƙasar Suwizalan, mai Crystal Rock, wanda ɗan gwangwaninsa ya wuce dala 1,000, aka kuma shaida wa duniya cewa kashi 76 cikin 100 na abin da ke ciki zallan kakin karnauba ne. Ka juya waɗannan kuɗi zuwa naira ka ga miliyoyi sun miƙe tsaye. Da kuɗin na farkon, mutum zai shiga wurin dillalan motoci ya fito da mota da ƙafafunta huɗu. Madalla! Man shafa ya kamo abin da ake shafa wa, har yana neman wuce shi. Wannan ai ci gaba ne da ya kamata a yi wa biki.

Kuma kada mai hassada ya ce ba shi da asali. Asalinsa wani irin giginya ne da ake kira karnauba, da ke fitowa a arewa maso gabashin Birazil, musamman jihohin Piauí da Ceará, yankin da rana ke dukan ƙasa ba sassauci. Itacen yakan fitar da wani gari a jikin ganyensa don kada zafi ya ƙwace masa ruwa. Idan rani ya kama, sai a sare ganyen, a shanya shi ya bushe, a kakkaɓe garin, a narka, a tace. Ƙananan ganyen da ba su buɗe ba su ke ba da mai hasken ruwan ɗorawa, wanda ake kira lamba ɗaya, manyan kuma su ba da mai duhu. A cikin kakin da Allah ya halitta, wanda ake ciniki da shi, babu mai taurinsa, kuma sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Salshiyos kafin ya narke. Duk wannan gaskiya ne, ba ƙari.

Sai dai akwai 'yan uwansa da ba a son a ambata a gaban baƙi. Wannan karnauba ɗin dai shi ne ake shafa wa alewar yara don ta yi sheƙi, shi ne a bayan ƙwayoyin magani da yawa, shi ne a cikin folish ɗin takalmi da na katako, har jikin tuffa ake fesa shi. Masu sarrafa abinci sun ba shi lamba E903. A kasuwar sari, buhu-buhu ake ɗaukarsa, kuma kilo guda da wuya ya haura dala 20. Gwangwanin da ke cin mililita 200, ko da an ɗura masa karnauba har wuya ba tare da an haɗa da komai ba, abin da ke ciki bai wuce na dala 4 ko 5 ba. Daga dala 5 zuwa dala 1,000, ina sauran 995 suka shiga? A nan ne baiwar take, jama'a. Ba kowane ɗan kasuwa Allah ya ba irin wannan basira ba. Mai sayar da alewa yana nan yana lissafin kwabo da sule, ɗan uwansa ya zuba abu guda a ƙarau ya ɗaura masa suna da ɗigo biyu a kan wasali, ya sayi gida.

Kuma ba a iya cika gwangwanin da karnauba zalla, domin shi zallansa ɓawo ne mai tauri da ba ya shafuwa. Dole a sassauta shi da mai da sinadarin da ke narkar da shi, su ne ke tashi bayan an shafa su bar ɗan abin da ya rage. Saboda haka idan ka ga an rubuta kashi 100 a jikin wani gwangwani, abin da ake nufi shi ne ɗan kakin da aka sa duk karnauba ne, ba wai duk abin da ke ciki ba. Wani ya auna kasonsa da nauyi, wani ya auna da cika, wani ya auna kafin a narka, kowa ya fito da lambar da ta fi ta maƙwabcinsa tsayi. Babu hukumar da ke bin su da sikeli. Mai saye kuma ba ya tambaya, don tambaya a irin wannan shago alamar talauci ce.

Mu zo kan aikin da yake yi wa fenti, domin a nan ne masu ƙorafi suka fi zaƙewa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai hana tsatsa, akwai shimfiɗa, akwai mai launi, sai kuma na sama garau kamar gilashi, wanda masu fenti ke ce wa kiliya. Gaba ɗayansu kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, wato kaurin takardar rubutu ɗaya ko biyu. Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, ba ta ma kai kaurin gashin kan mutum ba. A cikinta masu ƙera mota suke zuba sinadaran da ke tare hasken rana mai cin launi. Ita ce garkuwar. To, shi kakinmu mai daraja, bayan an shafa an goge, abin da yake bari a saman kiliya bai kai maikiron ɗaya ba. Sauran yana jikin tawul. Dubi tawali'u! Ka biya miliyoyi, ya ƙi ya nuna kansa, ya bi tawul ya tafi wanki, ya bar maka ɗan abin da ido ba ya gani. Manya ai haka suke, ba sa daɗewa a wurin taro.

Wannan ɗan siririn abu shi muke sa ran ya tsaya gaban tsakuwar da tirela ta harbo a hanyar Kano zuwa Zariya. Shi zai tare ɗan A Daidaita Sahu da ya kutso ta gefen dama a cunkoson Kantin Kwari ya ja layi tun daga ƙofar baya har fitila. Shi zai hana maɓallin wandon yaron da ya jingina da bonet yana jiran babansa. Bai tare ko ɗaya ba, kuma bai taɓa cewa zai tare ba. Laifin na masu tsammani ne. Kaki mai asali ba ya shiga faɗan titi.

Sai maganar rana. An ce ba ya narkewa sai a digiri 82, kuma masu tallarsa suna son wannan lamba ƙwarai. Abin da ba sa ƙarawa shi ne lambar ta zallan karnauba ce, ba ta haɗin da aka sassauta da mai ba. Baƙar mota idan ta wuni a rana, rufinta da bonet ɗinta sukan kai digiri 70 ko fiye. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, cikin watan Afrilu, inda iskar da ake shaƙa ma ta haura digiri 40, mai shakka ya ɗora tafin hannunsa a bonet da ƙarfe biyu na rana ya gani ko zai ƙirga biyar. A ƙasashen sanyi, inda aka haifi wannan ciniki, kakin karnauba yakan yi wata ɗaya zuwa uku kafin ya gushe. A wurinmu kuwa, ba ya son ya takura wa mai gida. Yana zuwa, ya gaisa, ya kama hanya. Idan kuma aka kai motar wurin wanki, yaro ya kaɗa omo a bokiti har kumfa ta tashi, to ko sallama ba za a samu ba, domin sabulun wankin kaya an yi shi ne don ya cire maiƙo, kuma bai san dala ba bai san naira ba.

Hunturu kuma nasa salon daban. Ƙurar da ke rufe mana sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda mai yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Ku dubi abin da ke faruwa kowace safiya a ƙofar gidajen masu hali. Direba ya fito da sassafe, motar ta kwana ta yi furu-furu. Ya ciro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera, wanda jiya ya goge taya da shi, ya kaɗe shi sau biyu a jikin bango, ya fara zagaya bonet da shi, yana dannawa da ƙarfi don maigida ya ga ƙwazo. Kowane zagaye, yashi yana yanka zobe a jikin kiliya. Idan rana ta ɗaga, ka tsaya ta gefe ka dubi baƙar motar nan, za ka ga zobba dubu sun kewaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo. A ƙarƙashin tsumman nan akwai kakin dala dubu. Ya yi haƙuri, bai ce uffan ba, ya bar yashi ya wuce ta kansa ya yi aikinsa. Ina za ka sami mai kawaici irin wannan?

Amma a ba shi haƙƙinsa, akwai abin da ya iya wanda ke sa zuciyar mai mota ta yi fari. Ka watsa ruwa a bonet, sai ka ga ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarowa. A nan ake ciro waya a ɗauki bidiyo. A nan abokai ke cewa kai, Alhaji, wannan abu ba na nan ba ne. Ba wanda zai ɓata wa Alhaji rai ya gaya masa cewa feshin da ake sayarwa a kantin gidan mai ma haka yake dunƙule ruwa. Ba kuma wanda zai tuna masa cewa ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, idan ya dunƙule ya bushe a rana, kowace ƙwaya sai ta bar farin tabo a inda ta zauna, wani har ya ci cikin kiliya. Ruwan farkon damina kuwa, wanda ke sauko da ƙurar sama, yakan bar motar da ɗigo-ɗigon laka kamar an yi mata zane da gangan. Ado ne shi ma, ga mai ido.

Yanzu ga 'yan baƙin ciki, masu araha, waɗanda ba su san girman na gaba ba. Akwai wani wai shi Collinite 845, daga garin Utica na jihar New York. Ko tarihin kirki ba shi da shi. An fara yin sa ne don kamfanonin wutar lantarki su riƙa shafa wa kayan aikinsu na kan turaku. Kwalbarsa ta roba ce, kuɗinsa 'yan daloli ne da ba su kai na cefanen mako ba a can, amma don rashin kunya sai ya kwashe watanni a jikin mota, ruwa da rana da gishirin titi na ƙasashen ƙanƙara suna dukansa yana nan. Akwai Fusso Coat na kamfanin Soft99 na Japan, wanda har a jikin gwangwaninsa yake iƙirarin wata 12. Ga Turtle Wax na Chicago da Meguiar's, wanda ya faro tun 1901 da man goge kujeru da tebura, duk sun cika kantuna da folish na haɗin sinadarai da ke kama fenti ya yi wata huɗu zuwa shida. Wasu ma feshi ne kawai, ka fesa bayan wanki ka goge, minti goma ka gama. Minti goma! Ina daɗin abin da ba ya cin ranar Asabar ɗinka gaba ɗaya? Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma lalle waɗannan ba su da ado. Aiki kawai suka iya.

Sama da su akwai seramik, ruwan da ke daskarewa a kan kiliya ya zama siririn rufi mai tauri, ya yi shekara biyu zuwa biyar idan an gyara fentin da kyau kafin a sa. Shi ma masu tallarsa sun fara koyon halin manya, suna buga 9H a kwali don mutum ya zaci lu'ulu'u ya saya, alhali ma'aunin taurin fensir ne na zane. Ba ya hana tsakuwa, ba ya hana ƙarfe, amma yana jure sabulu da zafi fiye da kowane kaki. Wanda ke hana tsakuwa shi ne ledar kariya, wata roba garau mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, wadda kamfanin 3M ya fara yi wa sojojin Amurka a zamanin yaƙin Biyetnam don kare fukafukan jirage masu saukar ungulu daga yashi da tarkace. Ita kaɗai ta kai kaurin fentin motar gaba ɗaya. Tana da tsada, ba a musu, amma kuɗin mazubin ƙarau guda ya isa a lulluɓe mota da ita a mafi yawan wurare. Sai dai wa zai kira baƙi falo ya nuna musu leda? Ba ta ƙamshin kwakwa, ba ta zuwa da takardar shaida mai lamba. Kare mota kawai take yi, abin kunya.

Mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke sayen kaya da kuɗinta ta gwada, ta taɓa shiga wannan magana ba tare da an gayyace ta ba. Ta jera kakin mota iri-iri ta gwada, ta fito ta ce masu tsadar ba lalle ne su fi masu araha daɗewa ba, kuma mafi yawansu cikin 'yan makonni suke fara gushewa. Ka ji rashin ladabi. An ce maka abu na sarakuna ne, kai kuma ka ɗauko ma'auni.

Wani abin da ya fi wannan ciwo shi ne gwajin salatif, wanda kowa zai iya yi a ƙofar gidansa. A wanke bonet, a goge shi da inji har zobban nan su ɓace, a raba shi biyu da salatif, a shafa mai tsada a dama, mai araha a hagu, a cire salatif, a kira mutanen unguwa su nuna wanne ne wanne. A nan za ka ga masana sun yi shiru. Mai cewa yana ganin wani zurfi da ɗumi a baƙin fenti idan an sa karnauba, ba ƙarya yake ba gaba ɗaya, domin man da ke ciki yakan cike ƙananan ƙarce ya ƙara wa launi duhu na ɗan lokaci. Amma karnauba mai araha ma yana yin haka, kuma idanun da ke rantsuwa sun ga bambanci galibi sun riga sun ga rasit. Sheƙin mota daga santsin kiliya yake fitowa. Fuskar da ta yi sumul takan mayar da haske kai tsaye, wadda ta ƙarce takan watsa shi. Wanda ya kawo santsin nan shi ne mutumin da ya sunkuya tun safe da inji a hannu, ya bi ƙofa-ƙofa da man goga mai kaushi, ya dawo da mai laushi, yana haska fitila yana duba, yana lura kada ya cinye kiliyar da ba ta kai gashi ba. Bayan ya gama, gumi ya jiƙe masa riga, sai a buɗe gwangwani a shafa na minti ashirin, a ja da baya a ce kai, kakin nan ya yi! Gaishe ka mai sa'a. Wani ya yi noma, kai aka yi wa kirari a bakin rumbu.

Kuma ba shi kaɗai ka haye ba. Can a Piauí da Ceará, mai saran ganyen yana tsaye a ƙarƙashin itacen da doguwar gora mai lauje a kai, yana ɗaga kai sama cikin rana, ganye masu ƙaya a jikin kara suna faɗowa ta kansa. Wani na tarawa, wani na shanyawa, wani na shaƙar garin a bakin injin kakkaɓa. Jami'an ƙwadago na Birazil sun sha kai samame a waɗannan dazuzzuka, sun kuma kuɓutar da ɗaruruwan ma'aikata daga yanayin da dokar ƙasar ta kira mai kama da bauta: kwana a ƙarƙashin itace, ruwan sha marar tsabta, ba banɗaki, ba kayan kare jiki. A 2017 tashar talabijin ta ARD ta Jamus ta nuna wa duniya wannan hali. Ban ce daga irin waɗannan gonaki wani kamfanin kakin mota ya sayi nasa ba, kuma akwai masu ƙoƙarin tsabtace cinikin. Abin da na ce shi ne, daga cikin dala dubun da aka biya, abin da ya isa hannun mai gora bai kai a ambata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A takardar talla kuwa za ka ga an zana ganye kore shar, an rubuta cewa daga dajin Birazil aka tsinko maka shi da hannu. Da hannu kam aka tsinko, hannun da ƙaya ta farfasa.

Kada a ce ba shi da gida. Yana da shi, kuma gidan na da kyau. Shi Royale an ce don motar Bugatti Royale aka fara haɗa shi, motar da aka ƙera tsakanin ƙarshen shekarun 1920 da farkon shekarun 1930, wadda guda shida kacal ke duniya. Irin waɗannan motoci suna kwana a ɗaki mai na'urar daidaita sanyi, a ɗauko su a rufaffiyar babbar mota, a sauke su a kan ciyawa a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950, alƙalai su zagaya su da takarda a hannu, yamma ta yi a mayar da su ɗaki. Motar da ba ta san kashin balbela ba, ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin darbejiya ba, ba ta taɓa bin bayan tifar yashi ba, kakin da zai yi mata kwana uku ya ishe ta, kuma mai ita ba ya jin dala 8,000 a jikinsa. A can kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tunda kwalliyar ce kaɗai ake nema. Abin sha'awar shi ne yadda ya baro wannan gida ya biyo waya ya iso hannun matashin da ya tara kuɗi shekara uku ya sayi Camry 'yar Kwatano, wadda ta riga ta sha rana a wata ƙasa, kiliyar rufinta ta fara yin fari-fari tana ɓarewa. Ya ga bidiyo, ya ji an ce wannan ne maganin. Ya ƙi sayen taya, ya ɗage canjin baƙin mai, ya yi oda. Ba lalle na dala dubu ba, ƙannensa na dala 100 da 200 suna nan birjik da irin wannan kirari. Kiliyar da ta mutu kuwa ba kakin da ke tashinta, sai mai fenti. Amma aƙalla yanzu tana ɓarewa cikin ƙamshi.

A nan zan ajiye gatse, domin wannan matashin ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma abin yana ci mini rai. Mota a wurinmu ba abin wasa ba ce. Ita ce jarin mutum, ita ce abin da zai sayar ranar da lalura ta taso, kuma fentinta na cikin abin da dillali zai fara dubawa. Cin amana ne a bar shi ya zuba kuɗinsa a inda ba za su tsare masa komai ba, alhali abin da zai tsare masa yana kusa kuma ba shi da tsada.

Ɗan uwa, fara da inuwa. Rumfar kwano ko ta tamfol mai ƙafa huɗu a tsakar gida ta fi kowane gwangwani kare fenti, domin rana ce babbar mai cin sa. Idan za ka sa wa motar riga, ka tabbata a wanke take, don riga a kan ƙura gugar yashi ce idan iska ta kaɗa. Ka ƙwace busasshen tsumman nan daga hannun direba ko ƙaninka, ka ce kada a sake taɓa motar sai an fara kwarara mata ruwa ƙura ta sauka. Ka sayi shamfun mota da tawul masu laushi guda uku ko huɗu, na taya daban, na jiki daban, da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye tawul. A yi wankin a inuwa, a tsane ruwan kafin ya bushe da kansa. Kashin tsuntsu ko na jemage, ranar da ka gan shi ranar za ka jiƙa shi ka ɗauke, don yana cin kiliya cikin 'yan kwanaki idan rana ta gasa shi. Sannan ka nemi folish na haɗin sinadarai ko feshin seramik na kamfanin da aka sani, daga shagon da ka yarda da shi don jabu ya yi yawa, ka riƙa sawa duk bayan wata uku ko huɗu. Idan kana yawan bin manyan hanyoyi kuma da hali, a manna maka ledar kariya a bamba da gaban bonet.

Abin da ya rage na kuɗin, ka kira yaron da ke wanke maka mota, ka nuna masa yadda ake yi da bokiti biyu, ka ninka masa ladansa don ya daina gaggawa. Hannunsa ne ke taɓa fentinka sau biyu a mako, kuma shi zai sa ya yi shekara goma ko ya mutu a uku.